Takunkumin sayar da kayan fasaha da abin da ya jawo wa kamfanonin salula

Da yawa daga cikinku suna da salula, wani a aljihu, wata a ƙulle cikin haɓar zane. Idan kuka juya kwalin da ta zo ciki, sau da yawa za ku ga an rubuta cewa a ƙasar Sin aka yi ta. Wannan gaskiya ne, amma haɗa ta kawai aka yi a can. Kayan cikinta daga ƙasashe dabam-dabam suka fito, kuma idan ƙasa ɗaya ta hana nata kason, aikin duka yana iya tsayawa. Wannan shafi zai bayyana muku yadda hakan ya faru da wasu manyan kamfanoni, da dalilin da ya sa, da kuma abin da ya kamata ku duba kafin ku ba da kuɗinku ga mai sayar da salula.

Ƙwayar da ke cikin salula

Ku ciro katin layinku ku dube shi. Ƙarƙashin wurin nan mai launin zinariya akwai wani ɗan abu ƙarami wanda yake riƙe da lambarku. Irin wannan abu za mu kira ƙwaya a cikin wannan bayani. Cikin salula akwai ƙwayoyi da yawa. Wata tana ajiye hotuna, wata tana kama rezo, babbarsu kuma ita ce ke yin lissafi tana ba sauran umurni, kamar ƙwaƙwalwa a jikin mutum. Akwai su cikin rediyo da talabijin da kwamfuta da mota, akwai su kuma cikin jiragen yaƙi da makamai masu linzami. Ku riƙe wannan na ƙarshe, domin daga nan rigimar ta taso.

Ana yin ƙwaya da wani ma'adini mai suna silikon, wanda ake tacewa daga yashi da farin dutse. A kan ƙwaya guda mai girman farce ana zana ƴan makunnai na lantarki da yawansu ya kai miliyar da dama. Miliyar ɗaya ita ce miliyan dubu. Ido ba ya ganinsu, hannu ba ya iya zana su, da haske ake yin zanen.

Aikin yana da wuya har babu ƙasar da take yin sa duka ita kaɗai. Kamfanonin Amurka sun fi kowa iya tsara fasalin ƙwaya, kuma su ke da manhajojin kwamfuta da ake tsara ta da su. Injin da ke zana ƙwayoyi mafi ƙanƙanta kamfani ɗaya tak ke ƙera shi a duniya, sunansa ASML, yana garin Veldhoven a ƙasar Holan, kuma kuɗin inji guda ya wuce dalar Amurka miliyan 150. (Kada ku haɗa dalar Amurka da dalar kasuwarmu mai tamma biyar, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Japan tana da ƙarfi wajen sinadaran da ake wanke ƙwaya da shafe ta. Ƙera ƙwayoyi mafi inganci kuwa, mafi yawansa yana hannun kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan, sai Samsung na Koriya ta Kudu yana biye. Daga nan a kai su masana'antu, galibi a Sin, a haɗa su da gilashi da batir su zama salula.

Mi ake nufi da takunkumin fitar da kaya?

Kun saba da kuɗin duwan, wanda ƙasa take karɓa a kan kayan da ake shigowa da su. Takunkumin da muke magana a kansa wani abu ne dabam. Ƙasar da ke da kayan ce take ce wa ƴan kasuwarta: kada ku sayar wa wane wannan kaya sai da izinina. Mai saye yana da kuɗi, mai sayarwa yana son ciniki, amma doka ta shiga tsakani.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1949 Amurka da ƙawayenta suka kafa wani kwamiti mai suna CoCom domin hana Tarayyar Sobiyet samun kayan da za su amfani sojojinta. A 1987 aka gano cewa wani reshe na kamfanin Toshiba na Japan ya sayar wa Sobiyet injinan da ke gyara farfelar jirgin ruwan yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, yadda zai rage ƙara. Amurka ta fusata ƙwarai, shugabannin Toshiba suka ajiye aiki. Kwamitin ya watse a 1994, aka maye gurbinsa da yarjejeniyar Wassenaar a 1996. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne takunkumin ya fita daga kayan soja ya faɗa kan kamfanonin da ke yin kayan da talaka yake saye.

ZTE: kamfanin da ya tsaya cikin wata guda

ZTE kamfanin Sin ne, an kafa shi a 1985 a birnin Shenzhen. Yana yin salula da kayan rezo. Nijar ma ta san shi, domin yana cikin waɗanda suka sayi kaso a Sonitel lokacin da aka sayar da hannun jarinta a 2001.

A watan Maris na 2017 ZTE ya amsa laifinsa gaban hukumomin Amurka cewa ya kai wa Iran kayan da ke ɗauke da fasahar Amurka, alhali dokar Amurka ta hana. Ya biya tara mai yawa, ya kuma yi alkawarin hukunta ma'aikatan da suka yi aikin. A watan Afrilu na 2018 Amurka ta ce bai cika alkawari ba, ta hana kamfanoninta sayar masa da komi har shekara 7. Ba a yi wata guda cur ba ZTE ya sanar cewa manyan ayyukansa sun tsaya. Ba kuɗi ya rasa ba, ba ma'aikata ya rasa ba, ƙwayoyin da yake saye wurin kamfanonin Amurka irin su Qualcomm ne suka yanke. Sai da shugabannin ƙasashen biyu suka sa baki, ZTE ya biya ƙarin tarar dala miliyar 1, ya ajiye miliyan 400 a matsayin jingina, ya canza dukan shugabanninsa, sannan aka ɗage takunkumin a watan Yuli na 2018.

Sauran kamfanonin Sin sun ga abin da ya faru. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya fi kowa shafa ruwa shi ne Huawei, wanda ya shiga tara ƙwayoyi a rumbu tun kafin a zo kansa.

Labarin Huawei

Wani tsohon injiniyan soja mai suna Ren Zhengfei ya kafa Huawei a 1987, shi ma a Shenzhen. Cikin shekara 30 ya zama kamfanin da ya fi kowa sayar da kayan rezo a duniya, wato na'urorin da ake ɗorawa a kan dogayen ƙarafan nan da kuke gani a bakin gari. Ƙasashen Afirka da yawa da kayansa da na ZTE suka gina rezonsu.

Amurka ta daɗe tana zargin cewa gwamnatin Sin tana iya amfani da kayan Huawei wajen leƙen asiri. Huawei yana musantawa. Ita kuma Sin tana cewa tsoron gasa ne kawai, ana son a tauye ci gabanta. A ganinmu, maganganun biyu ba su kore juna ba: ƙasa tana iya jin tsoro don tsaronta, tana kuma kishin kasuwarta a lokaci guda.

A ranar 1 ga Disamba 2018 aka kama ƴar Ren, Meng Wanzhou, wadda ke riƙe da harkar kuɗin kamfanin, a filin jirgin sama na Bankuba a Kanada, bisa buƙatar Amurka. Ba ta koma gida ba sai watan Satumba na 2021. A watan Mayu na 2019 kuma Amurka ta sa sunan Huawei cikin jerin kamfanonin da ba a sayar musu da fasaharta sai da izini.

Bugun farko ta wajen Google ya zo. A lokacin, salulolin Huawei, kamar yawancin manyan saluloli, suna aiki da tsarin Android. Tushen Android kyauta ne, kowa yana iya ɗauka. Amma rumbun da ake sauko da manhajoji daga cikinsa, wato Play Store, da YouTube da Gmail da taswirar Google, duka sai da yardar Google. Sabbin salulolin Huawei, tun daga Mate 30 da ta fito a Satumba 2019, suka zo babu su. A cikin ƙasar Sin wannan bai dami kowa ba, domin dama can ba a aiki da Google. A Turai kuwa masu saye suka fara ja da baya.

Duk da haka Huawei bai faɗi ba. A 2019 ya sayar da saluloli kusan miliyan 240, kuma a tsakiyar 2020, na tsawon wata uku, ya wuce Samsung ya zama na ɗaya a duniya. Dalili shi ne babbar ƙwayarsa, mai suna Kirin, shi yake tsara abarsa, TSMC na Taiwan yake ƙera masa. Taiwan ba Amurka ba ce, saboda haka dokar farko ba ta kai can ba.

A nan ne Amurka ta fito da dabarar da ya kamata ku fahimta da kyau. A watan Mayu na 2020 ta ce duk kamfanin da ke aiki da injinan Amurka ko manhajojinta, ko a wace ƙasa yake, bai da izinin ƙera wa Huawei ƙwaya. Ku ɗauki misalin maƙerin da ke aiki da zugazugan wani. Maƙerar tasa ce, ƙarfen nasa ne, amma mai zugazugai ya ce: in ka ƙera wa wane garma, na karɓe kayana. Maƙerin ba zai rufe maƙera saboda mai saye ɗaya ba, komi girmansa. Haka TSMC ya yi. Daga 15 ga Satumba 2020 ya daina kai wa Huawei ƙwaya. A wannan shekara kuma Ingila ta umurci kamfanonin wayarta su cire kayan Huawei daga sabon rezon 5G kafin ƙarshen 2027.

Wannan karon abin ya kama jiki. A watan Nuwamba na 2020 Huawei ya sayar da reshensa mai yin salular Honor, domin reshen ya samu damar sayen ƙwaya ya rayu. Kuɗin cinikin Huawei, wanda ya kai yuwan miliyar 891 a 2020, ya sauko zuwa miliyar 637 a 2021 (yuwan shi ne kuɗin Sin). Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi cikin shekara guda. Kasuwar da ya bari, Apple da Samsung da wasu kamfanonin Sin irin su Xiaomi da Oppo suka raba.

Mutane da yawa sun ɗauka an gama da shi. Sai ga shi a ƙarshen watan Agusta na 2023 ya fito da salula mai suna Mate 60 Pro, ba tare da wani shagali ba. Masana suka buɗe ta suka tarar babbar ƙwayarta a cikin Sin aka ƙera ta, a masana'antar kamfanin SMIC, da injinan da ba su kai na TSMC ba. Ƙwayar ba ta kamo ta Taiwan ba wajen inganci, kuma yin ta da irin waɗannan injina ya fi tsada, amma tana aiki. Huawei ya kuma gina nasa tsarin mai suna HarmonyOS domin ya rabu da Android. A 2024 cinikinsa ya koma yuwan miliyar 862, kusa da inda yake kafin faɗuwar. Sai dai ku lura, yawancin wannan farfaɗowa a kasuwar cikin gida ta Sin ta faru. Matsayin da salularsa take da shi a Turai a 2019 bai dawo ba.

Mai sayarwa ma ya ji a jikinsa

Mutanen Maraɗi da Birnin Ƙonni ba su buƙatar dogon bayani a nan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, da lokacin takunkumin ƙungiyar CEDEAO daga 2023 zuwa farkon 2024, kun ga cewa in an tare hanya, wanda ke jiran kaya yana wahala, wanda kayansa suka kwana a mota shi ma yana wahala.

A 2018 Huawei ya sayi kaya na dala miliyar 11 wurin kamfanonin Amurka. Wata guda bayan an sa masa takunkumi, kamfanin Broadcom na Amurka ya rage dala miliyar 2 daga cinikin da yake sa ran yi a shekarar.

A ranar 7 ga Oktoba 2022 Amurka ta faɗaɗa dokar. Maimakon kamfani ɗaya, ta hana kai ƙwayoyi mafi ƙarfi da injinan ƙera su zuwa ƙasar Sin baki ɗaya. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Nvidia, kamfanin Amurka mai yin ƙwayoyin da ake koya wa kwamfuta kwaikwayon tunanin ɗan Adam da su. Nvidia ya rage wa ƙwayoyinsa ƙarfi domin su shige ƙarƙashin doka, a Oktoba 2023 aka hana waɗannan ma. Ya sake yin wata mai suna H20. A Afrilu 2025 aka ce ita ma sai da izini, kamfanin ya rubuta asarar dala miliyar 4 da rabi saboda kayan da suka kwanta masa. Bayan ƴan watanni gwamnatin Amurka ta sake sassautawa. Wannan canje-canje shi kansa asara ne, domin masana'antar ƙwaya shekaru ake yi ana gina ta, doka kuwa tana iya juyawa cikin dare ɗaya.

Holan ba ta ba ASML izinin sayar wa Sin injinsa mafi girma ba tun 2019, kuma a 2023 Holan da Japan suka ƙara wasu injinan cikin jerin waɗanda sai da izini. Ba Sin kaɗai ake yi wa haka ba. A Yuli 2019 Japan ta tsaurara fitar da sinadarai uku zuwa Koriya ta Kudu saboda wata tsohuwar rigima ta zamanin mulkin mallaka, Samsung da SK Hynix suka shiga neman wasu hanyoyi, ba a warware ba sai 2023.

Martanin Sin

Sin ma tana da abin da za ta riƙe. A Mayu 2023 ta hana sa ƙwayoyin kamfanin Micron na Amurka cikin manyan kayan aikin ƙasa. A Agusta na wannan shekara ta ce fitar da ma'adinai biyu, galiyom da jamaniyom, sai da izini. Ana aiki da su wajen yin wasu ƙwayoyi da wayar intanet mai gudu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na galiyom ɗin duniya daga Sin yake fitowa. A Disamba 2024 ta hana kai su Amurka gaba ɗaya, sannan ta dakatar da hanin a Nuwamba 2025 bayan shugabannin ƙasashen biyu sun gana. A 2025 ɗin kuma rigima ta tashi tsakanin Sin da Holan a kan kamfanin Nexperia, mai yin ƙananan ƙwayoyi masu araha da ake sa wa motoci. Da Sin ta tare fitarsu, kamfanin Honda ya tsai da aiki na ɗan lokaci a masana'antarsa ta Meziko, saboda abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kowace babbar ƙasa yanzu tana son masana'antar ƙwaya a gidanta. A 2022 Amurka ta ware kusan dala miliyar 52 domin wannan. TSMC ya gina masana'anta a jihar Arizona ta Amurka, ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan a 2024. Sin tana zuba kuɗi masu yawa cikin nata kamfanoni. Ginin masana'anta biyu ko uku domin aikin da ɗaya take yi ba ya sa kaya su yi araha.

Abin da ya shafe ku a kasuwa

Salulolin da aka fi gani a kasuwanninmu, wato Tecno da Itel da Infinix, duka na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion, shi ma na Shenzhen. Takunkumin da aka sa wa Huawei bai hau kansa ba. Yana sayen yawancin ƙwayoyinsa wurin MediaTek na Taiwan da Unisoc na Sin, kuma manyan salulolinsa suna zuwa da manhajojin Google. Haka ma Samsung da Xiaomi da Oppo. Saboda haka in wani ya ce muku an hana salular Sin duka, ko za a kashe ta a hannunku, kada ku yarda. Takunkumin yana kan ciniki tsakanin kamfanoni, ba ya kan mutumin da ya riga ya saya.

Inda ya kamata ku yi hattara shi ne wajen sayen Huawei, musamman ta hannu. Samfuran da suka fito kafin tsakiyar 2019, irin su P30, suna da Play Store kuma suna aiki kamar kowace salula, sai dai sun tsufa, batirinsu na iya zama ya gaji. Yawancin waɗanda suka fito bayan haka ba su da shi. Suna da nasu rumbun mai suna AppGallery, amma ba kowace manhaja ake samu a ciki ba. Masu gyara suna iya sa muku wasu manhajoji ta wata hanya, amma wasu ba za su yi aiki daidai ba, kuma manhajar da ba ku san inda aka ɗauko ta ba tana iya zama hanyar sace muku bayanai ko kuɗi. Honor kuwa, tun da ta rabu da Huawei, sabbin samfuranta na ƙasashen waje sun dawo da Google daga 2021.

Kafin ku biya, ku sa mai kaya ya kunna salular a gabanku. Ku nemi alamar Play Store a fuskarta, ku buɗe ku gani ko tana aiki. Ku sa katin layinku ku kira wani. In kuna aika kuɗi ko karɓa ta salula, ku gwada manhajar da kuke aiki da ita nan take, kafin ku bar shagon. Ku kuma tambayi mai gyara na garinku ko ana samun gilashi da batirin wannan samfuri, domin salular da babu kayan gyaranta a kusa, ranar da ta faɗi ƙasa sai an aika Yamai ko Kano kafin ta tashi.